Babi na Shida: Bashin da Famfo Ke Biya

A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, duk ranar da aka tafka ruwan sama a Birmingham, babban birnin gundumar Jefferson da ke jihar Alabama a kudancin Amurka, abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa ba shi da daɗin faɗa. Bututun da ke kwashe bahaya da ruwan wanka daga gidaje sun tsufa, sun tsattsage, saiwoyin itatuwa sun kutsa cikinsu. Ruwan sama sai ya riƙa tsiyaya ciki ta kowace kafa har bututu ya cika ya batse, murfin ƙarfen da ke tsakiyar titi ya ɗaga, ƙazanta ta malalo. Matatun da aka gina don tace ruwan datti ba sa iya ɗaukar wannan ambaliya, sai a buɗe hanya a sake shi ɗanye zuwa kogunan Cahaba da Black Warrior. Kogin Cahaba kuwa yana cikin wuraren da mutanen Birmingham ke samun ruwan sha.

A 1993 wasu mazauna yankin da wata ƙungiya mai kare kogin Cahaba suka maka gundumar a kotu, suna kafa hujja da dokar tsabtar ruwa ta tarayya ta 1972. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, EPA, ita ma ta shigo da tata ƙarar. A ƙarshen 1996 gundumar ta sa hannu a yarjejeniya gaban alƙali: za ta gyara magudanan, za ta daina zuba ɗanyen bahaya a kogi, kuma za ta karɓi ragamar magudanan garuruwa 21 da ke cikinta. Ƙiyasin farko na kuɗin aikin ya kama daga dala miliyan 250 zuwa biliyan 1.2. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu kaɗai ta isa shaida cewa ba wanda ya san abin da za a tarar in an fara tono.

To, ina kuɗin za su fito? A shekarun 1970 gwamnatin tarayya kan ɗauki har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin gina matatar ruwan datti, kyauta. Gyaran dokar da aka yi a 1987 ya fara naɗe wannan tabarma, aka mayar da tallafin asusun rance da kowace jiha ke juyawa, kuma asusun Alabama bai kai ya ɗauki aiki irin wannan ba. Haraji ma ba mafita ba ne, domin tsarin mulkin jihar na 1901 bai bar wa gunduma ikon ƙaƙaba sabon haraji da kanta ba, sai ta je ta roƙi majalisar dokokin jiha a Montgomery. Ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, ita ce wadda akasarin hukumomin ruwa na Amurka ke bi: sayar da takardun bashi waɗanda za a biya daga kuɗin da masu amfani da magudanar ke biya duk wata.

Birni ko gunduma a Amurka na da manyan hanyoyi biyu na cin bashi a kasuwa. A ta farko, gwamnati ce ke ɗaukar alkawari da dukkan ƙarfinta na karɓar haraji: ko me zai faru za ta biya, ko da za ta ƙara harajin gidaje ne. Irin wannan bashi doka ta sa masa iyaka, kuma a jihohi da yawa sai jama'a sun kaɗa ƙuri'ar amincewa kafin a ci shi. A ta biyu, baitulmali ya tsame hannunsa. Aikin da aka gina da kuɗin shi zai biya wa kansa. Kamar mutum ne ya ranci kuɗin sayen injin markaɗe bisa sharaɗin cewa daga cinikin injin kawai za a biya mai kuɗi. In ciniki ya mutu, ba shi da ikon taɓa gida ko gonar mai injin. A ido sai a ce mai ba da rancen ya yi ganganci. Sai dai a lura, injin nan shi kaɗai ne a garin, kowane gida dole ya kawo markaɗe, kuma mai injin ya rantse cewa duk lokacin da ciniki ya gaza biyan bashi zai ƙara farashin kwano.

Wannan rantsuwa ita ce ƙashin bayan takardar. A cikin doguwar yarjejeniyar da ake ƙullawa, hukumar ruwa kan yi alkawarin cewa za ta riƙa sa farashin da zai isa a biya albashi, wutar lantarki, magungunan tace ruwa da gyare-gyare, sannan abin da ya rage ya zarce kuɗin biyan bashin shekara da wani kaso, sau da yawa kashi 20 ko 25 cikin ɗari. Idan bashin shekara dala miliyan 100 ne, dole rarar ta kai miliyan 120 ko 125. Ana ware wani asusun ajiya don ranar tsiya. Ana naɗa wani banki amintacce wanda zai tsaya a madadin dubban mutanen da suka sayi takardun, shi ke karɓar kuɗi yana rabawa, shi ke zuwa kotu in an saɓa alkawari. Akwai kuma tsarin wanda za a fara sallama in kuɗi sun shigo, da sharaɗin da za a cika kafin a ƙara cin wani bashin a kan wannan aljihu. Abin da ba a jinginar ba shi ne bututun kansa. Ba mai bin bashin da zai zo ya tone bututu ya kai kasuwa. Jinginar gaskiya ita ce mutumin da ke buɗe famfo a gidansa, wanda ba shi da wani kamfanin da zai koma in farashi ya yi masa yawa.

Dabarar ta tsufa. Bayan da garuruwa da dama suka karye a shekarun 1870 sakamakon bashin da suka ci don jawo layin dogo, jihohi suka rubuta iyakar bashi a tsarin mulkinsu. Garuruwa kuma suna ta girma, taifot da kwalara suna kisa, ruwa mai tsabta ba ya jira. A 1895 kotun ƙolin jihar Washington ta yanke hukunci a kan aikin ruwan birnin Spokane, ta ce bashin da za a biya daga kuɗin shigar aikin kawai ba ya cikin bashin da tsarin mulki ya iyakance. Daga nan wasu jihohi suka bi sahu. Wato tun asali wannan takarda hanya ce ta zagaye katangar da aka gina don hana 'yan siyasa wuce gona da iri, kuma wannan asali bai taɓa barinta ba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba: ni ina ganin tsarin na da hikima. Bututun ruwa kan yi shekara 50, wani ma ya haura 100. Ba adalci ba ne a ce mutanen bana kaɗai za su biya abin da jikokinsu za su mora. Bashin shekara 30 ko 40 yana raba nauyin a kan duk waɗanda za su sha ruwan. Wanda ya fi amfani shi ya fi biya, tunda mita ke lissafi. Ga kuma rangwame: tun da aka kafa harajin kuɗin shiga na tarayya a 1913, ribar da mutum ke samu daga irin waɗannan takardu ba a cire mata wannan haraji, don haka masu saye kan yarda da ruwan bashi ƙasa da wanda za su nema daga kamfani. Birnin New York tun tsakiyar shekarun 1980 ya ware wata hukuma da ke cin bashin ruwa, da wata daban da ke sa farashi, kuma da haka ake biyan manyan ayyuka irin su rami na uku mai kawo wa birnin ruwa, wanda aka fara haƙawa tun 1970. A tarihin kasuwar bashin ƙananan hukumomin Amurka, da wuya ƙwarai a ji hukumar ruwa ta kasa biya. Mutum kan bar kuɗin talabijin ya taru, amma ba ya yarda a yanke masa ruwa.

Mai karatu a Kano ko Kaduna zai ga dalilin da ya sa irin wannan takarda ba ta samu gindin zama a wajenmu ba. Jihohin Najeriya suna sayar da takardun bashi, amma abin da ya saba kwantar wa masu saye hankali shi ne umarnin da jiha ke bayarwa a riƙa zare kuɗin kai tsaye daga kasonta na asusun tarayya. Ba wanda zai ba da rance bisa alkawarin kuɗin famfo a inda famfon ba ya kawo ruwa, gidaje ba mita, kuma kuɗin da jama'a ke kashewa a kan ruwa, wanda ba kaɗan ba ne, aljihun masu ga-ruwa da masu rijiyar burtsatse yake shiga.

Mu koma Jefferson. Daga 1997 gundumar ta fara sayar da takardu, kuɗi suka fara zuba, a nan ne raunin tsarin ya bayyana. Tunda ba bashin haraji ba ne, ba a nemi ƙuri'ar kowa ba. Kwamishinoni biyar ne ke mulkin gundumar, hannu uku sun isa a ci bashin ɗaruruwan miliyoyi. Masu sayen takardu ba ruwansu da ko an kashe kuɗin daidai, muddin alkawarin ƙara farashi na nan. Masu biyan kuɗin magudana kuwa ba za su ji zafin abin ba sai bayan shekaru. Tsakanin waɗannan ɓangarori, ba a bar kowa yana gadin tukunya ba.

Aiki ya yi ta faɗaɗa har ya wuce abin da kotu ta nema. Aka shiga shimfiɗa sababbin layuka zuwa wuraren da ake sa ran gari zai kai nan gaba. Aka fara haƙa wani ƙaton rami da zai ratsa ta ƙarƙashin kogin Cahaba, aka narka miliyoyin daloli, jama'a suka yi ca, aka watsar da shi. 'Yan kwangila suna ta ƙarin farashi bayan an ba su aiki, jami'an da ya kamata su hana suna karɓar na goro, wani a gyara masa gida, wani a ba shi ambulan. Daga baya mutum kusan 20, 'yan kwangila da injiniyoyi da jami'ai, suka fuskanci hukunci. Cikinsu har da Chris McNair, kwamishinan da ke kula da sashen magudanai, mutumin da duk Birmingham ke ganin girmansa, domin 'yarsa Denise na cikin 'yan mata huɗu baƙar fata da bam ɗin 'yan wariyar launin fata ya kashe a wata majami'ar birnin a 1963. An same shi da laifin cin hanci a 2006. Kafin a farga bashin magudana ya haura dala biliyan 3, a gundumar da mutanenta ba su wuce 660,000 ba.

Wannan ɓarna ta farko ce, irin wadda kowa ya sani. Ta biyun ta fi wuyar ganewa, kuma ita ta kai gundumar ƙasa.

Zuwa 2002 kuɗin magudana na ta hawa duk shekara, masu zaɓe suna ƙorafi, kwamishinoni suna neman yadda za su rage biyan bashin shekara ba tare da sun sake ƙara farashi ba. Sai bankunan New York, JPMorgan a gaba, suka zo da shawara. Yawancin bashin farko mai tsayayyen ruwa ne: ka san abin da za ka biya bana, ka san na shekara 30 masu zuwa. Bankunan suka ce a biya wannan da sabon bashi mai ruwa mai hawa da sauka, wanda a lokacin ya fi araha nesa ba kusa ba. Wani kaso mai yawa na sababbin takardun, gwanjo ake yi musu duk bayan mako ɗaya zuwa biyar: masu kuɗi su taya, ruwan da aka tsaya a kai shi gundumar za ta biya har gwanjo na gaba. Wani kason kuma mai riƙe da takarda na da damar mayar da ita a ba shi kuɗinsa duk lokacin da ya so, wasu bankuna sun tsaya cewa za su saya in ba a samu mai saye ba.

Don kada ruwan ya hau ya cinye gundumar, sai aka ɗora wata yarjejeniyar musaya a kai. Gundumar za ta riƙa biyan banki ruwa tsayayye, banki kuma ya riƙa biyan ta ruwa mai motsi da ake lissafawa daga ma'aunin Libor na Landan. A takarda, abin da banki zai ba ta zai yi daidai da abin da za ta biya masu gwanjo, su kashe juna, a bar ta da tsayayyen ruwa mai sauƙi. Sannan aka sayi inshora daga kamfanoni irin su FGIC da XL Capital, waɗanda ke da daraja mafi girma a idon masu auna ƙarfin mai cin bashi, don takardun su ari wannan daraja. Cikin 2002 da 2003 aka juya kusan dukkan bashin zuwa wannan tsari, jimillar yarjejeniyoyin musayar ta haura dala biliyan 5, fiye da bashin kansa. Duk ginin ya tsaya ne a kan zato biyu: cewa ruwan gwanjo da Libor za su riƙa tafiya tare, kuma kamfanonin inshorar ba za su taɓa yin rauni ba.

Kowace juyawa da kowace musaya tana da lada, kuma a nan hannaye suka yi yawa. Larry Langford, shugaban kwamishinonin daga 2002, wanda daga baya ya zama magajin garin Birmingham, ya karɓi kuɗi da kaya na kimanin dala 235,000 daga wani dillalin hannun jari na Montgomery mai suna Bill Blount, ta hannun wani ɗan kamasho: kwat-kwat masu tsada, agogon Rolex, biyan basussukansa. Kamfanin Blount ya samu ladan kusan dala miliyan 7 a harkar. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, SEC, ta zargi JPMorgan da biyan fiye da dala miliyan 8 a ɓoye ga kamfanonin abokan kwamishinoni waɗanda ba su yi wani aikin a-zo-a-gani ba, sannan ya mayar da kuɗin cikin farashin musayar, wato gundumar ce ta biya cin hancin da aka ba shugabanninta. A 2009 bankin ya sasanta ba tare da ya amsa laifi ko ya musa ba: tarar dala miliyan 25, miliyan 50 ga gundumar, kuma ya yafe miliyan 647 da yake nema na warware musayar. A shekarar aka samu Langford da laifi, a 2010 aka yanke masa shekara 15.

Zaton nan biyu duk sun rushe a farkon 2008, kuma ba don wani abu da ya faru a Alabama ba. Kamfanonin inshorar sun tsunduma cikin lamunin bashin gidaje marasa inganci, aka rage musu daraja. A watan Fabrairu masu kuɗi suka ƙaurace wa gwanjo a duk faɗin ƙasar. Yarjejeniya ta ce in gwanjo ya watse sai a koma ruwan tara, don haka wasu takardun gundumar suka tashi daga wajen kashi 3 zuwa kashi 10 cikin ɗari. A daidai lokacin babban bankin Amurka na ta rage ruwa, Libor na sauka, abin da bankuna ke biyan gundumar na raguwa. Abin da aka saya don kariya sai ya zama hanya ta biyu ta zubar da kuɗi. Masu riƙe da ɗaya kason suka mayar da takardunsu, bankunan da suka tsaya suka saye, sai wani sharaɗi da ke can cikin yarjejeniya ya farka: bashin da aka shirya biya cikin shekaru 30 zuwa 40, yanzu a biya shi cikin 'yan shekaru kaɗan.

Amintaccen banki ya tafi kotu, kamar yadda aikinsa ya tanada. A 2010 kotun jiha ta naɗa kantoma, John Young, tsohon shugaba a wani kamfanin ruwa, ta ba shi ikon sa farashi. Ya ba da shawarar ƙarin kashi 25 cikin ɗari a zagayen farko. A nan ya kamata mu dubi wanda ake nufi in an ce "masu amfani". Kuɗin magudana ya riga ya ninka kusan sau huɗu tun 1997. Ana lissafa shi ne bisa ruwan da mita ta nuna, ana haɗa shi da takardar kuɗin famfo, wanda ya kasa biya a yanke masa ruwa. Gidaje masu yawa a unguwannin bayan gari, inda masu hali suka fi yawa, sokawe gare su, ba su haɗe da magudanar ba, ko sisi ba sa biya, alhali su ma suna morar tsabtar kogin. Tsofaffin unguwannin Birmingham, inda talakawa baƙar fata suka fi yawa, su ne a haɗe. A ƙarshen 2011 BBC ta ba da rahoton mutanen da aka yanke wa ruwa a waɗannan unguwanni, suna sayen ruwa a jarka, sun yi hayar masai na roba irin na wurin gini sun kafa a bayan gida, domin ya fi musu sauƙi. A ganina nan ne ƙa'idar "mai amfani shi ke biya" ta karkace. Ƙa'idar na da kyau in kuɗin aiki ake biya. Waɗannan mutane kuɗin agogon Langford da ladan musaya suke biya.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A watan Maris na 2011 kotun ƙolin Alabama ta soke harajin albashi da gundumar ke karɓa, wanda ke cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta, majalisar jiha kuma ta ƙi ba ta madadinsa. Aka sallami ɗaruruwan ma'aikata, aka rufe ofisoshi. Wannan ba shi da alaƙa da magudana a doka, amma gundumar da ke fama da gobara biyu ba ta da ƙarfin ciniki da kowa. Ranar 9 ga Nuwamba 2011 kwamishinoni suka kaɗa ƙuri'a, huɗu da ɗaya, suka nemi kariyar kotun masu karayar arziki, da bashin da ya haura dala biliyan 4. Ba a taɓa ganin ƙaramar hukumar da ta karye da bashi mai yawan haka a Amurka ba, sai da Detroit ta zarce ta a 2013.

Ko a cikin kotun, takardar ta nuna taurinta. Tun 1988 dokar tarayya ta tanadi cewa kuɗin shigar da aka jingina wa irin wannan bashi na ci gaba da zama jingina ko da gari ya karye, bayan an cire kuɗin tafiyar da aiki. Saboda haka rigimar lauyoyi ta koma kan me ake kira kuɗin tafiyar da aiki: kuɗin sabunta bututu na ciki? Kuɗin lauyoyin kansu fa? Duk dalar da aka sa a wannan layi ta kuɓuce wa masu bin bashi.

An kammala a watan Disamba 2013. Masu bin bashin magudana sun yafe wajen dala biliyan 1.4, kaso mafi girma, fiye da miliyan 800, daga JPMorgan. Sauran kuma aka biya su da kuɗin sababbin takardu na kimanin biliyan 1.8, waɗanda su ma daga kuɗin magudana za a biya, tsawon shekara 40. Sharaɗin shi ne ƙarin kashi 7.89 cikin ɗari duk shekara har shekara huɗu, daga nan kusan kashi 3.5 duk shekara, kuma aka bar wa kotu ikon tilasta ƙarin ko da an zaɓi kwamishinonin da suka ƙi. Wasu masu biya sun ɗaukaka ƙara, suna cewa an ƙwace musu ikon ƙuri'arsu a kan farashin da 'ya'yansu za su biya. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce bakin alƙalami ya bushe, an riga an sayar da takardun, ba a iya warware cinikin.

Don a sassauta shekarun farko, wani ɓangare na takardun 2013 an tsara shi ne ba a biyan ruwansa nan take, sai ya riƙa taruwa a kan uwar kuɗi. Shi ya sa a farkon 2024, da wa'adin da aka hana gundumar fansar takardun ya cika, ta sake juya bashin a kan ruwa mafi sauƙi, adadin da ta ranto ya haura dala biliyan 2.2, sama da wanda ta fita kotu da shi shekara 10 kafin nan.